Tambaya da Amsa: Siffa a Cikin Siffa da Siririn Layi

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan zane da manhajojin bekta suke, wato masu gina siffa da layuka ba da ɗigo-ɗigon hoto ba, irin su Inkscape da Illustrator da CorelDRAW. Na taƙaita su, na kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina so in kewaye takardar shaida da layuka biyar sirara, akwati a cikin akwati. Nakan zana na wajen, in kwafe shi, in riƙe Ctrl da Shift in janyo kusurwa har ya ƙanƙance. Amma kullum tazarar dama da hagu sai ta fi ta sama da ƙasa faɗi, kuma layukan ciki suna ta ƙara sirancewa. Da Inkscape nake aiki. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Hannunki bai karkace ba, manhajar ma lafiyarta ƙalau. Lissafi ne ya yi halinsa.

A ce akwatinki tsawonsa milimita 100, faɗinsa 40. Idan kika mayar da kwafin kashi 90 cikin ɗari, zai koma 90 da 36. Tsawon ya rasa milimita 10, wato 5 a dama, 5 a hagu. Faɗin kuwa 4 kawai ya rasa, 2 a sama, 2 a ƙasa. Janyo kusurwa da kaso yake aiki, ke kuma tazara kike nema. Da'ira da murabba'i ne ke rufa wa wannan dabara asiri, don ko ta ina girmansu ɗaya. Su ɗin ma, in aka yi ta maimaita kashi 90, da'ira mai faɗin 100 za ta koma 90, sai 81, sai 72.9. Layukan sai su riƙa matsewa suna nufar tsakiya.

Ga akwati mai miƙaƙƙun gefuna, ni ban ga abin da ya kai rubuta lamba da hannu ba. In tazarar milimita 3 kike so, cire 6 daga tsawo, ki cire 6 daga faɗi a kowane kwafi: 100 da 40, sai 94 da 34, sai 88 da 28, sai 82 da 22, na biyar 76 da 16. Ki zaɓe su duka, ki danna Ctrl+Shift+A, ki daidaita su a tsakiya a tsaye da kwance. Ko minti biyu ba zai ɗauke ki ba.

Sai dai akwai wani ɗan tarko a gurbin rubuta lambar. A zanen bekta hanyar layi ba ta da kauri ko kaɗan. Kaurin da kike gani shafa shi ake yi a kanta, rabi ya faɗa ciki, rabi waje. Inkscape kuma, yadda take zuwa, tana haɗawa da wannan kaurin in za ta faɗa miki girman abu. Akwatin milimita 100 mai layin milimita 1 sai ta ce miki 101 ne. Ki shiga saitunan manhajar, wajen kayan aiki, ki sa ta riƙa auna hanyar layin zalla ba da kaurinsa ba. Wannan ne ma ya sa farin filin da ido ke gani tsakanin layi biyu bai kai tazarar da aka rubuta ba. Tazarar milimita 3 da layi mai kaurin 0.5 suna barin fili 2.5.

In siffar ba akwati ba ce, a ce garkuwa ce ko ganye, rubuta lamba ba zai fisshe ki ba. Nan sai ofset, wato a matsar da kowane ɓangare na layin ciki da nisa iri ɗaya. Kwafi da Ctrl+D, sannan Ctrl tare da alamar buɗe baka, zai shige ciki. Ctrl da alamar rufe baka, zai fito waje. Kowace dannawa fiksel 2 (ɗigon allo) take matsarwa, kusan milimita 0.53, sai in kin canja lambar a saituna. Shawarata, kowane sabon layi ki fitar da shi daga siffar asali, da tazarar 3, da 6, da 9. In kika yi ta ɗora ofset a kan ofset, 'yan ƙananan kurakurai na taruwa, kafin ki kai na biyar layin ya fara rawa, ɗigogin da ke riƙe da shi sun yi yawa.

Batun sirancewar layi mai sauƙi ne. Idan kika ɗauki kibiyar zaɓe, duba can ƙarshen layin maɓallai na sama, akwai wasu guda huɗu a jere. Na farkon shi ke sa kaurin layi ya bi girman siffa. Kashe shi. Masu Illustrator su nemi Scale Strokes & Effects a saituna, masu CorelDRAW su danna F12 su cire alamar da ke kan Scale with object. Amma ranar da za ki rage girman zanen gaba ɗayansa bayan kin gama, ki mayar da shi a kunne, in ba haka ba layukan za su tsaya da kaurinsu su cinye tazarar, zanen ya cakuɗe.

Ba ki tambayi kusurwa mai lanƙwasa ba, amma na san can za ki je, don kusan duk mai yin kewayen takarda yakan so ta. Mutane da yawa kan ba dukkan akwatunan lanƙwasa iri ɗaya, sai tazarar ta kumbura a kusurwa. Dubi layukan filin tsere: faɗin kowace hanya ɗaya ne, amma kwanar ciki ta fi ta waje matsewa. Haka za ki yi. Lanƙwasar ciki ita ce ta waje a cire tazara. In ta waje milimita 10 ce, tazara 3, za ki samu 10, 7, 4, 1, na biyar kuma ya zama mai tsini, don babu sauran abin cirewa. In kina son biyar ɗin duka su lanƙwasa, fara da 15: za ki samu 15, 12, 9, 6, 3.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tambari nake haɗawa a Illustrator, alwatika a cikin alwatika har ashirin. Na daidaita su a tsakiya amma sai suka jingina sama. Da na gwada da tauraro kuma, tsinin wasu ya fito a gundule. Daga wani ɗalibin zane.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da manhaja ke kira tsakiya, tsakiyar akwatin da ba a gani ne wanda ya kewaye siffar, ba cibiyar siffar kanta ba. A alwatika mai gefuna daidai, cibiyar tana kashi ɗaya cikin uku na tsayinta daga gindi, alhali tsakiyar akwatin tana rabin tsayin. Shi ya sa in ka rage girma daga can, tazarar gindi takan ninka ta gefuna biyun sau biyu cif. Tauraro mai tsini biyar ma yana da wannan matsalar, illa dai tasa ba ta kai haka fitowa fili ba.

Yi amfani da Offset Path, yana ƙarƙashin Object, sannan Path. Ka sa alamar ɗebewa a gaban lambar don ya shiga ciki. Tunda ashirin kake so, kada ka wahalar da kanka: fitar da ƙaramar ciki kawai da ofset ɗaya babba, ka zaɓe ta tare da babbar, ka danna Ctrl+Alt+B, sannan ka shiga zaɓin Blend ka ce matakai 18. Lura, 18 ba 20 ba, don na tsakani kaɗai ake ƙirgawa. A CorelDRAW ma abin ya fi sauƙi, kuma a ganina nan ta fi sauran biyun: Ctrl+F9 zai buɗe Contour, ka faɗi tazara da yawan matakai, shi ke nan. In kana son taɓa layukan ɗaya bayan ɗaya, Ctrl+K zai raba su.

Gundulewar tsini kuwa da gangan manhajar ta yi. Inda layi biyu suka haɗu a matsattsiyar kusurwa, tsinin kan yi tsawo ya zarce, don haka aka sa masa iyaka: in tsawonsa ya wuce kaurin layin sau kaza, a datse shi. A tsarin SVG, wani nau'in fayil na zanen bekta, iyakar asali 4 ce, kuma hakan na nufin duk kusurwar da ba ta kai digiri 29 ba za a gundule ta. Tauraron da aka saba mai tsini biyar kusurwarsa digiri 36 ce, yana tsira. Mai digiri 20 ba ya tsira sai an ɗaga iyakar zuwa 6. In ka kai ta 10, har kusan digiri 11 da rabi zai wuce lafiya. Lambar tana nan a wajen saita layi, kusa da zaɓin kusurwa, kuma tagar ofset ɗin ma tana da tata daban, ka duba su biyun.

Wani abu kuma ba tambayarka ba: rage girma da kaso da na hana Malama a sama yana da ranarsa. Gwada murabba'i, kowane kwafi kashi 95 na wanda ya gabace shi, a juya shi digiri 3, har kwafi 30. Murɗaɗɗen zanen da zai fito, matsewar tazarar ce ma adonsa.

Tambaya: Zanena tsaf yake a cikin manhaja, amma da na fitar da shi hoton PNG sai wasu layukan suka yi toka-toka, wasu suka fi wasu kauri. Mene ne laifina?

Amsa: Allon kwamfuta da na waya 'yan murabba'ai ne jere, kuma fiksel ba ya rabuwa biyu. Layi mai kaurin fiksel 1 da aka ɗora a kan lamba 10 yana shimfiɗe ne daga 9.5 zuwa 10.5, rabi a wannan fiksel, rabi a wancan. Sai a shafa wa kowannensu rabin baƙi, ka ga layi mai kaurin biyu, launin toka. Matsar da shi zuwa 10.5, zai cika fiksel ɗaya ya fito baƙi wuluk. Tazarar ma ta zama cikakkiyar lamba, 4 ko 6, ban da 4.3. Wannan magani na layukan tsaye da na kwance ne. Da'ira dole gefenta ya ɗan yi laushi.

Ka fitar da hoton a girman da za a nuna shi. In aka matse hoto mai layuka ashirin ya koma ɗan mitsitsi, za ka ga wasu igiyoyi da ba kai ka zana ba suna yawo a kansa. Tambarin da zai zauna a gurbin fiksel 32, yi masa zubi na daban mai layi uku masu ɗan kauri.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na zaɓi Hairline a CorelDRAW don layukan su fito sirara sosai, na ba su launin toka. A firintar ofis sun fito, amma da aka buga a maɗaba'a sai suka tsittsinke, wasu ma sai an ƙura ido. Daga wata mai zanen katin gayyata.

Amsa: Tare da naki, Hajiya. Abu biyu ne suka haɗu miki.

Na farko kaurin. Wancan zaɓin a CorelDRAW kusan milimita 0.076 ne. Firintar ofis ɗigonta manya ne, takan kumbura siririn layi har ya yi kyau a ido, sai ta yaudare ki. Injin da ke fitar da farantin maɗaba'a yana iya ɗigo 2400 a inci ɗaya, shi abin da kika rubuta shi zai ba ki, ba ƙari. Wanda ma ya fi haɗari shi ne layi mai kaurin sifili: a tsarin PostScript da PDF ma'anarsa layi mafi siranta da na'urar za ta iya, wanda a irin wancan injin bai wuce kusan milimita 0.01 ba. Ƙa'idar da masu bugu suka saba bayarwa ita ce kada layi ya gaza pt 0.25 (pt ma'auni ne na masu bugu), wato kusan milimita 0.09. In farin layi ne a kan baƙi ko wani launi mai duhu, a kai shi pt 0.5, don tawadar gefe takan malalo ta cinye shi. Ni nakan fara daga pt 0.35 in takardar mai shan tawada ce.

Na biyu launin, kuma shi na fi zargi da tsittsinkewar. Maɗaba'a ba ta da tawadar toka a bugu mai launi huɗu; baƙi take warwatsawa ɗigo-ɗigo. A faffaɗan fili ido ba ya lura, amma siririn layi ɗigo ɗaya ne ke faɗa masa nan, wani can, sai ya koma kamar ɗinki. In kuma launin haɗin tawada uku ne ko huɗu, da faranti ɗaya ya goce kaɗan za ki ga ja ko shuɗi yana leƙowa ta gefe. Ki ba siraran layuka tawada ɗaya cikakkiya, baƙi ɗari bisa ɗari. Sirantarsu kaɗai za ta sa su yi haske kamar toka. Kafin ki aika fayil, buga gwaji a ainihin girmansa, ki kuma tambayi mai maɗaba'ar iyakar sirantar da injinsa ke ɗauka a kan takardar da kika zaɓa.

In katin yanka shi za a yi da leza, labarin ya juya. Injinan leza da yawa wannan siririn layin suke ɗauka a matsayin umarnin yanka, mai kauri kuma su ƙona shi a sama kawai. A nan kada ki mayar da layin ya zama siffa da Ctrl+Shift+Q, don kowane layi zai zama hanya biyu, ta ciki da ta waje, injin ya bi duka. Ki kuma koma yanayin kallon da ke nuna ƙashin zane zalla, ki ɗan ja kowane layi gefe ki gani ko akwai kwafin da ya kwanta daidai a ƙarƙashinsa, sannan ki mayar da Ctrl+Z. Kwafin da aka manta, sau biyu leza ke binsa, gefen katin ya fito a ƙone.