Amsa ga Kawu kan manhajar gane inabi ta ƙamshi

Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan mutanen gida a Sakkwato, tambayarka ta iso gare ni game da manhajar waya da aka ce tana gane irin inabin da aka yi giya da shi ta hanyar ƙamshi, da kuma ko mu Hausawan da muke zaune a kudancin Faransa muna da hannu a wannan harka.

Waya dai ba ta da hanci. Mutum ne yake shinshinawa, sannan ya zaɓi abin da ya ji daga jerin ƙamshin da manhajar ta shimfiɗa masa, ita kuma ta kawo masa sunayen inabin da suka fi dacewa. Irin wannan jeri ya yaɗu ne daga taswirar ƙamshi mai siffar da'ira da Ann Noble ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta fitar a 1984. Wasu manhajojin kuwa, kamar Vivino da aka kafa a Danmak a 2010, takardar jikin kwalba suke karantawa idan an ɗauki hotonta.

Ilimin da ke ƙarƙashin abin na gaske ne, kamar yadda tsohon mai turare a babbar kasuwar Sakkwato yake rarrabe hajarsa ido a rufe. Inabin da ake kira Syrah yana ba da ƙamshin masoro, kuma a 2008 masu bincike a Ostireliya suka gano cewa sinadarin da ke jawo haka, wato rotundone, shi ne dai yake cikin masoron da ake sa wa yaji. Sun kuma lura cewa akwai mutanen da hancinsu ba ya kama shi ko kaɗan, waɗanda manhaja ba za ta iya yi musu komai ba. Cabernet Sauvignon yana da ƙamshin ɗanyen tattasai, kuma a 1997 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa barbara ce tsakanin Cabernet Franc da Sauvignon Blanc, waɗanda su ma suke da wannan ƙamshin.

Mu kuwa iyakarmu a bayyane take. Ba ma sha, ba ma ɗanɗanawa mu tofar kamar yadda gwanayen giya suke yi, ba ma kuma zama a wurin gwajin. Inda ake shan wahala shi ne wajen neman abinci, domin yankin Languedoc da ke kewaye da birnin Montpellier gonakin inabi ne iya ganin ido, kuma daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba ana neman masu tsinka ruwa a jallo. Ɗalibi ko baƙon da ya zo daga Nijar ko Nijeriya aljihu babu komai, aikin da ya fi saurin samu ke nan. Dattawanmu sukan tuna masa hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta, da kuma hukuncin malaman Malikiyya na hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Abin da nake alfahari da shi shi ne ba a tsayawa ga wa'azi. Akan tashi a nema masa gurbi a gonar tuffa ko ta inabin ci, kuma wanda larura ta riga ta kai shi can ba a ƙaurace masa.

Akwai ɓangaren da ya halatta gare mu, kuma muna morarsa. Inabin Muscat yana ɗauke da ƙamshinsa na fure tun yana ɗanye, saboda haka iyalina takan ɗaga nonon inabi a kasuwar Asabar, ta kai hanci wajen ƙwayar da ta ɗan fashe, ta faɗi irinsa kafin ta duba allon mai sayarwa. Da shi da ruwansa da ba a tsima ba da zabibi muke karɓar baƙi. Sauvignon Blanc kuwa yawancin ƙamshinsa sai ya tsimu yake fitowa, don haka mun bar wa masu shi.

Duk da haka muna koya wa yaranmu waɗannan sunaye, kuma a nan manhajar takan yi mana rana. A nan ƙasar ana dafa nama da kifi da giya, kuma sau da yawa takardar abinci ba za ta ce giya ba, sunan inabin ko na yankin kawai za ta ambata. Yaron da ya ga an rubuta Riesling ko Muscat a gefen sunan miya ya san dole ya tambayi mai girki kafin ya sa cokali, wanda bai san sunan ba kuma yakan duba a waya tun kafin a kawo masa faranti.