Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan ƙaunar Allah ga mai zunubi

Salama ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa in Allah mai tsarki ne kuma yana ƙin zunubi, ta yaya mu Kirista muke cewa yana ƙaunar mai zunubi, kuma in ceto kyauta ne ai sai kowa ya yi ta sheƙe ayarsa tunda an riga an yafe. Tambaya ce mai kyau, na daɗe ina koyar da ajin masu shirin baftisma kuma da wuya a gama aji wani bai kawo ta ba.

Abin da zan fara ce maka shi ne ka lura da wanne ya riga wanne. Yawancinmu mun taso da tunanin sai ka gyara halinka tukuna sannan Allah ya dube ka, to Littafi Mai Tsarki ba haka ya jera abin ba. A Romawa 5:8 Bulus ya ce Allah ya nuna ƙaunarsa gare mu ne da yake tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai ce bayan mun shiryu ba. Mutane nawa ne suka ce min malam bari in daina shan giya tukuna, bari in rabu da matar nan tukuna, sai in dawo coci da fuskata, kuma mafi yawansu shiru kake ji, don ƙarfin dainawar ma ba su da shi su kaɗai. Yesu da kansa da aka zarge shi da cin abinci da masu karɓar haraji cewa ya yi masu lafiya ba ruwansu da likita sai marasa lafiya, yana nan a Markus 2:17.

Ka buɗe Luka 15 ka karanta labarin yaron da ya karɓi gadonsa tun ubansa na da rai, ya je wata ƙasa ya ɓarnatar, ya ƙare da kiwon aladu har yana marmarin abincinsu. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne yaron ba wata nadama mai zurfi ce ta fara taso shi ba, yunwa ce, har ya tsara maganar da zai faɗa, baba na yi zunubi ban isa a ce da ni ɗanka ba, ka mai da ni ɗaya daga cikin ma'aikatanka. Tun yana nesa uban ya hango shi ya sheƙa da gudu, dattijo fa, ya rungume shi, yaron ya fara jawabinsa bai ma kai wurin ka mai da ni ma'aikaci ba uban ya riga ya ce a kawo riga mafi kyau da zobe da takalma. Ba a ba shi damar ya biya da aikin hannunsa ba. Duk sanda na kai nan a aji sai na dakata, don yawancinmu ma'aikacin nan muke so mu zama, mu ji cewa da guminmu muka samu.

Amma kar ka ɗauka Allah kau da kai ya yi kamar zunubi ba komai ba ne, a'a. Romawa 3:23 ta ce duka mun yi zunubi, 6:23 kuma ta ce hakkin zunubi mutuwa ne. Mu abin da muka gaskata shi ne hukuncin ya sauka, Yesu ne ya ɗauke shi a kan gicciye ya kuma tashi a rana ta uku, shi ya sa Allah ke yafewa ba tare da ya yi wa adalcinsa karan tsaye ba. Kyauta ce a wurinka, a wurinsa kuwa da tsada ta zo. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu wane aikin kirki ya samu lokacin yi? Hannuwansa a kafe suke, roƙo kawai ya yi a tuna da shi, aka ce masa yau ɗin nan zai kasance a Firdausi.

Sai batun sheƙe aya. Bulus ma ya kawo wannan tambayar, a farkon Romawa 6 ya ce mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya amsa da a'a ko kaɗan. Dubi Zakka na Yariko, shugaban masu karɓar haraji, Yesu ne ya fara cewa yau a gidanka zan sauka, ba sharaɗi ba komai, bayan nan ne mutumin ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4. Gaskiya ni in na ga mutum yana ta cewa na sami ceto amma shekara da shekaru yana cutar mutane ko a jikinsa, ina shakkar ko ya taɓa gane abin da aka yi masa, Yakubu ai a wasiƙarsa ta Sabon Alkawari bai ɓoye ba, ya ce bangaskiya in ba ayyuka matacciya ce.

Wani ya taɓo maganar Katolika da Furotesta a ƙarƙashin tambayarka. E akwai bambanci, tun rigimar Martin Luther ta 1517, su Furotesta suna jaddada ta bangaskiya kaɗai ake kuɓuta, Katolika kuma suna ƙara nauyi kan baftisma da ikirari da yadda alheri ke aiki a cikin mutum yana canza shi. Amma a 1999 a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Lutheran, wato Furotesta masu bin koyarwar Luther, sun sa hannu a takarda ɗaya cewa ta alheri ne Allah ke karɓar mutum ba don cancantarsa ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke kai shi ga ayyukan kirki.

In za ka karanta da kanka, kar ka tsaya a Romawa 5, ka haɗa da 6 a zama ɗaya, don masu rikicewa galibi guda suka karanta suka bar ɗayar. In akwai inda ya shige maka duhu ka sake rubutowa mu duba tare.