Na ƙirƙiri 'Yan Dorina a wasanmu, abokaina sun ce sun fi ƙarfin teburi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa. Mu biyar muke buga Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi a teburi da 'yan ludo, duk ranar Lahadi da dokokin bugun 2014, ni ne mai jan labarin. Na ƙirƙiri wani jinsi na kaina, 'Yan Dorina, mazauna bakin Binuwai. Na ƙara musu maki 2 a ƙarfi, 2 a juriya, 1 a hikima. Ƙattai ne masu cin gida huɗu a taswira, cizonsu ɗan ludo mai fuska 12 ne, fatarsu sulke ce mai maki 17, suna da maganin ƙarfe, suna numfashi a ruwa, kuma suna ɓacewa in sun nutse. Don in daidaita, na rage musu maki 2 a basira, na ce dole su shiga ruwa kullum ko gajiya ta kama su. Amma abokina mai buga mayaƙi ya ce shi ya zama ɗan rakiya. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Tun da wasan nan ya fito a Amurka a 1974, aljanun Turai da wadanninsu ne suka cika shi, don haka ganin ɗan Garwa ya leƙa ƙarƙashin gada ya ɗauko dorina ya sa a teburi abin farin ciki ne. Kada ka jefar da su. Sai dai abokinka yana da gaskiya, kuma lissafi zai nuna maka.

Ɗauki gobilin, ɗan ƙaramin dodon da kowa ke fara karo da shi. Yana ƙara 4 a kan jifarsa ta ɗan ludo mai fuska 20, kuma saransa yana cin jini, wato makin rai, 5 da rabi a matsakaici. Mayaƙin abokinka, da rigar sarƙa da garkuwa, makin sulkensa 18 ne. Sai gobilin ya jefa 14 ko sama kafin ya same shi, wato sau 35 cikin ɗari. A sara goma zai rasa jini kusan 19. Ɗan Dorinarka kuwa da haure yake faɗa, hannunsa a sake yake, sai ya riƙe garkuwa, 17 ta koma 19. Sau 30 cikin ɗari ake samunsa, in an same shi maganin ƙarfe ya raba ciwon biyu. A sara goma, jini 7 ko 8 kawai zai zuba. Bai kai rabin na mayaƙi ba, alhali bai sayi ko zoben sulke ɗaya ba. Cikakken sulken ƙarfe, wanda makinsa 18 ne, zinariya 1,500 ake sayar da shi a littafin. Kai ka ba shi abin da ya kusa haka tun yana cikin zanen goyo.

Shi maganin ƙarfen nan shi ne babbar ɓarna. A dokokin 2014 akwai mai shi, wato jarumin nan mai fusata. Idan ya harzuƙa, sara da suka da duka duk rabi suke cinsa, amma sau 2 kacal a rana a matakin farko, kuma minti ɗaya kowace fusata take yi. Wannan ne abin taƙamarsa, saboda shi mutum ke zaɓar wannan sana'ar. Kai kuwa ka raba wa jinsi guda kyauta, dare da rana. Ko 'yan tauri sai sun sha jiƙo an kaɗa musu ganga kafin su fito fili. Cire shi gaba ɗaya. Haka cizon: fuska 12 na babban gatari ne, wanda sai an kama da hannu biyu an haƙura da garkuwa. Mutanen ƙadangare na cikin wasan cizonsu fuska 6 ne, nan ne naka ya kamata ya tsaya.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka yi tunani, don a nan kusan duk mai ƙirƙira yake zamewa, ni ma na taɓa zamewa. Ka ɗauka rauni yana biyan bashin ƙarfi, kamar sikelin mai awon hatsi. Ba haka abin yake tafiya a teburi ba. Wa zai zaɓi Ɗan Dorina? Wanda yake son faɗa. Me ruwansa da basira? Maki 2 da ka cire masa kamar ka ƙwace wa masunci garma ne, ko a jikinsa. Ƙarfin yana aiki a kowane zagaye na kowane faɗa, raunin kuma sai an kwana uku ana wasa bai taso ba.

Batun shiga ruwa ya fi wannan rikici. Idan labarinku yana bin kogi ne, daga Garwa zuwa Lagdo, sharaɗin banza ne, kullum ga ruwa a gabansu. Idan kuma ka kai su duwatsun Mandara, ko ka bi da su ta Marwa a watan Afrilu lokacin da mayo, wato kogin garin, ya koma yashi tsantsa, to ba shi kaɗai ka hukunta ba. Mutum huɗu za su bar neman taskarsu su koma neman rijiya saboda mutum ɗaya. Gajiya a wasan nan mataki shida ce, ta shida mutuwa, kuma babu mai jan labarin kirki da zai kashe ɗan wasansa don rafi ya ƙafe. Ƙarshenta kai da kanka za ka riƙa ƙago tafki a inda babu. Sannan malamin tawagar yana da sihirin matakin farko da ke samar da ruwa, ya kashe maganar da addu'a guda. Raunin da ko dai bai taɓa kowa ba ko ya taɓa kowa da kowa, bai sayi komai ba.

Akwai wani dalilin da ya sa nake son ka goge ragin basirar. Masu wasan da kansu sun taɓa rage wa wani jinsi basira, daga baya suka soke. A 2020 suka ba kowa damar mayar da ƙarin makinsa inda ya ga dama, a bugun 2024 kuma suka ɗauke ƙarin daga jinsi suka ɗora a kan tarbiyya da tasowar mutum. A gari irin Garwa, inda Bafulatani da Bahaushe da Babarbare da mutumin Fali suke zama benci ɗaya, ba na son yara su saba da rubuta cewa wata al'umma dukanta daƙiƙai ce, ko da a wasa.

Girman jiki kuwa, mayar da su matsakaita. Mai cin gida huɗu yana toshe ƙofa, yana kokawa da abin da sauran ba sa iya kamawa, kuma duk ramin da ka zana sai ka sake aunawa. Akwai dabarar da aka yi wa jinsin ƙattai na wasan: jikinsu matsakaici ne a taswira, amma wajen ɗaukar kaya da turawa da ja ana lissafa su a matsayin manya. Ka ari wannan.

To me ya rage na dorina? Da yawa, in ka koma ga dabbar kanta. Dorina ba ta numfashi a ruwa, riƙe numfashi take yi wajen minti 5. Ba iyo take yi sosai ba, tafiya take a ƙasan kogi. Da dare take fitowa kiwo. Kuma duk nauyinta, a tudu tana iya tsere wa mutum. Ga jinsinka nan a shirye. Ka ba su 2 a juriya, 1 a ƙarfi, kamar yadda yawancin jinsunan 2014 suke da jimillar 3. Tafiya mita 9 a kowane zagaye, in littafin Faransanci ke hannunku, wato ƙafa 30. Riƙe numfashi minti 15, tafiya a ƙasan ruwa ba tare da raguwar sauri ba, gani a duhu mita 18. Fata mai maki 13 a haɗa da zafin nama. Za ka ce ai mutanen kunkuru suna da 17. Haka ne, amma ba su da ƙarin maki 5 da maganin ƙarfe a kai, ɓawon shi ne jarinsu.

Layar zanar da ka ba su a ruwa kada ka yar, jinkirta ta. Sihirin ɓacewa sai a mataki na 3 masu sihiri suke samunsa, kuma dokar da ake bi a jinsunan da ke da sihiri a jini ita ce ƙaramin abu a mataki na 1, wani a na 3, wani a na 5, na 3 da na 5 kowanne sau ɗaya kafin dogon hutu. Ka ba su ita a mataki na 5, sau ɗaya a rana, kuma sai suna cikin ruwa. Ko ka musanya ta da abin da ya fi kama da dorina: in ya ruga mita 6 a miƙe ya bangaje maƙiyi, maƙiyin ya yi jifar ƙarfi ko ya faɗi. Ɗaya za ka zaɓa, ni da bangazar zan tafi, don ita ce za a riƙa ba da labarinta bayan an tashi.

Kafin Lahadi, ka zauna kai kaɗai ka gina mayaƙa biyu masu sana'a ɗaya da kaya ɗaya, ɗaya ɗan Adam, ɗaya Ɗan Dorina. Haɗa kowanne da gobilin biyu, sau biyar a tudu, sau biyar a bakin kogi, kana rubuta jinin da ya rage. A ruwa ya kamata dorina ta yi fintinkau, gidanta ne. A tudu su zo kusan kunnen doki. Sannan ka kira mai riƙe da Ɗan Dorinar tun kafin ranar wasa, ka nuna masa takardar lissafin, ka kuma ba shi damar sake gina gwarzonsa daga farko in sabon tsarin bai yi masa ba. Shi kuma abokinka mai mayaƙi, ka tambaye shi bayan zama biyu ko uku ko har yanzu yana jin kansa ɗan rakiya.