Ku Tambaya Mu Amsa: Masu cewa soja su dawo, ina za ku kai ƙara ranar da aka taɓa ku?

Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo kan batu ɗaya ne, mulkin soja da halin da kotuna ke faɗawa idan masu bindiga suka karɓe ƙasa, don haka na ɗauki guda huɗu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai gaskiya na gaji wallahi, na gama digiri ba aiki, kwanon shinkafa ya fi ƙarfinmu, 'yan bindiga sun hana iyayenmu noma su kuma 'yan siyasa ko a jikinsu. A 2001 aka haife ni ban ga mulkin soja ba amma ina jin manya na cewa lokacin akwai tsaro akwai da'a. To meye laifinmu in mun ce soja su dawo su gyara? Daga wani matashi a Rijiyar Lemo, Kano.

AMSA: Ƙanena, gajiyar da ka yi gaskiya ce kuma ba zan ce maka ka yi haƙuri ba, an faɗa maku haka har kun ƙoshi. Amma tunda ka ce ba ka ga mulkin soja ba bari in gaya maka yadda yake farawa, don duk iri ɗaya ne. Da asuba za ka ji kiɗan badujala a rediyo, sai wani hafsa ya karanto jawabi, a ciki zai ce an jingine kundin tsarin mulki, an rushe majalisa, an haramta jam'iyyu. Kotuna ba a rufe ƙofarsu, alƙalai na zuwa ofis lauyoyi na sa baƙar riga, sai dai dokar soja da za a fitar, wadda ake cewa dikiri, sau da yawa za a maƙala mata sakin layi ɗaya a ƙarshe cewa babu kotun da ke da hurumin sauraron ƙara a kan abin da aka yi da sunan wannan doka. Shi kenan. Da wannan layin aka mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1979, aka dawo daga daren ƙarshe na 1983 har zuwa 29 ga Mayun 1999.

Ɗauki doka ta 2 ta 1984, zamanin Buhari da Idiagbon. Sa hannun mutum ɗaya ya isa a tsare ka wata uku ba tuhuma ba shari'a, in sun ƙare a sake sa hannu a ƙara wasu ukun. Babangida ya zo ya ci gaba da amfani da ita, Abacha ya zo ya ƙara mata kaifi, a 1994 aka hana kotu ko da ba da umarnin a kawo mata wanda ake tsare da shi ta gan shi da idonta. A shekarar ne aka fitar da doka ta 12 da ta ce gwamnati ta fi ƙarfin kowace kotu, kuma da ministan shari'a na lokacin Olu Onagoruwa ya fito ya ce shi ba da saninsa aka rubuta irin waɗannan dokoki ba sai aka sallame shi daga aiki.

Kuma kar ka ɗauka 'yan kudu kaɗai abin ya ci, don haka ake yawan faɗa mana a nan. Shehu Musa 'Yar'adua janar ne, ya yi mataimaki ga Obasanjo a mulkin soja, yana da kuɗi yana da jama'a, a 1995 aka kama shi aka ce da hannunsa a yunƙurin juyin mulki, aka yi masa shari'a a ɓoye gaban kotun soja, aka yanke masa kisa daga baya aka mayar shekara 25, ya rasu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disambar 1997 nesa da Katsina nesa da iyalinsa. Shehu Sani yana matashi kamarka aka yanke masa ɗaurin rai da rai a shari'ar nan. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a Afrilun 1996 aka tuɓe shi aka kai shi jihar Taraba aka ajiye. A 1998 da manyan arewa 18 suka rubuta wa Abacha wasiƙa cewa kar ya yi tazarce, Abubakar Rimi da Sule Lamido a tsare suka ƙare sai bayan rasuwar Abacha suka fito. To ƙanena in janar da Sarkin Musulmi da tsohon gwamna ba su samu alƙalin da zai saurare su ba, kai da ni ina za mu dosa?

Ka tuna yaran da aka kama bayan zanga-zangar Agustan 2024, waɗanda aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja ran 1 ga Nuwamba. Abin kunya ne ga gwamnatin farar hula, yara ƙanana sun rame ƙashin wuya duk a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Amma don a buɗaɗɗiyar kotu aka kawo su shi ya sa kyamara ta ɗauka, duniya ta gani, lauyoyi da 'yan jarida suka yi caa, cikin 'yan kwanaki aka ba da umarnin sakinsu. Da doka ta 2 na aiki ba wanda zai kai su kotu balle ka ga fuskarsu, iyayensu sai dai su yi ta yawo daga bariki zuwa bariki ana ce masu ba a san da maganar ba. Wannan kaɗai ya ishe ni in ce maka a'a.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe kana ta maganar kotu kotu, wace kotun? Waɗannan da kowane ɗan siyasa ke da alƙalinsa a aljihu? Mun ga rikicin masarautar Kano, wannan kotu ta ce kaza waccan ta ce kaza a mako ɗaya. Ni na yi aikin gwamnati shekara 35, gara min lokacin soja. Daga wani tsohon ma'aikaci a Gusau.

AMSA: Baba, ba zan musa maka ba. Umarnin da kotun tarayya da ta jiha suka riƙa bayarwa masu karo da juna a 2024 ya zubar da mutuncin shari'a, kuma su ma farar hula ba su bar alƙalai sun sarara ba, a 2016 jami'an tsaron farin kaya suka fasa gidajen alƙalai cikin dare, a Janairun 2019 aka dakatar da alƙalin alƙalai Walter Onnoghen ana saura makonni zaɓe. Amma Baba a jiharku ne kotun ƙoli a Mayun 2019 ta soke ƙuri'un jam'iyyar da ke mulkin ƙasa gaba ɗaya, tun daga gwamna har 'yan majalisa, saboda ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta ce ba, kuma aka bi hukuncin. Ko ka ji daɗinsa ko ba ka ji ba, a mulkin soja alƙalin da zai yi wa masu mulki haka bai ma samu damar buɗe fayil ɗin ba. Alƙalin da ya karɓi cin hanci yau ana iya kai ƙararsa majalisar kula da harkokin shari'a, ana iya ɗaukaka ƙara, ana iya rubuta sunansa a jarida. Ken Saro-Wiwa da mutum takwas da aka rataye a Fatakwal ran 10 ga Nuwambar 1995 ko damar ɗaukaka ƙara ba a ba su ba. Barin wannan a koma waccan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ku 'yan Najeriya ba ku san abin da muka sha a hannun Faransa ba, sojojinmu sun kore su mun samu 'yanci, ku bar mu da zancen dimokuraɗiyya. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fitar sojojin Faransa a Disambar 2023 ni ma na ji daɗinta, kuma rufe boda da yanke wuta da aka yi maku bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 zalunci ne da talakan Maraɗi da na Jibiya suka sha tare, ban taɓa goyon bayansa ba. Sai dai korar baƙo daban, yadda mai gida ke riƙe 'yan gida daban. Janar Tiani da bakinsa a Agustan 2023 ya ce riƙon ba zai wuce shekara uku ba, ran 26 ga Maris ɗin 2025 sai ga shi an rantsar da shi na shekara biyar da za a iya ƙarawa, aka kuma rushe jam'iyyu duka. Bazoum da matarsa Hadiza sun haura shekara biyu a tsare cikin fadar shugaban ƙasa ba a yanke masu hukuncin komai ba, kotun ECOWAS a Disambar 2023 ta ce a sake su aka yi kunnen uwar shegu. In yana da laifi a kai shi gaban alƙali a fili kowa ya ji, ai shi ne adalci. Moussa Tchangari da ya daɗe yana sukar sansanonin sojan ƙetare tun kafin sojojin nan su zo, shi ma an ɗauke shi daga gidansa a Disambar 2024. A Agustan 2025 kuma aka rushe ƙungiyar alƙalai ta SAMAN.

Ku kun fi mu sanin darajar alƙali mai tsayawa ma. A 2009 da Tandja ya so tazarce kotun tsarin mulki ƙarƙashin Fatimata Bazeye ta ce masa ƙuri'ar raba-gardamar nan ta saɓa doka, ya rushe kotun a ƙarshen Yuni, 'yan Nijar suka cika titunan Yamai suna kare ta. Abin da nake roƙa maku yanzu shi ne abin da kuka fito kuka nema a lokacin.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibar lauya ce aji uku, abin da ke damuna shi ne in soja sun riga sun ƙwace hurumin kotu to meye amfanin lauya? An taɓa yin ƙasar da lauyoyi suka ja da soja suka yi nasara? Daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya.

AMSA: 'Yata, nasan an koya maku shari'ar Lakanmi. A Afrilun 1970 kotun ƙoli ta ce dokar sojan da ta ƙwace dukiyarsa ba ta halatta ba, cikin makonni gwamnatin Gowon ta fitar da doka ta 28 ta shafe hukuncin. Alƙalai su kaɗai ba sa iyawa, wannan gaskiya ne. Inda aka yi nasara jama'a ne suka tsaya a bayansu, kuma misalin da ya fi fitowa fili Pakistan ne.

Janar Pervez Musharraf ya ƙwaci mulki a Oktoban 1999. Ran 9 ga Maris ɗin 2007 ya kira alƙalin alƙalai Iftikhar Muhammad Chaudhry zuwa Rawalpindi, shi yana sanye da kakinsa ga shugabannin hukumomin leƙen asiri a zaune, aka ce ya ajiye aiki, mutumin ya ce ba zai ajiye ba. Dama yana ta takura wa hukumomin tsaro su fito da mutanen da suka ɓatar. Aka dakatar da shi, 'yan kwanaki bayan nan aka ga hoton ɗan sanda ya damƙi gashin kansa yana tura shi mota, daga nan lauyoyi suka fantsama titi da baƙaƙen kwat ɗinsu, suna ƙaurace wa kotuna, ana dukansu da kulki jini na zuba kan farar riga suna dawowa washegari. Da zai je Lahore daga Islamabad a watan Mayu tafiyar da ba ta wuce awa biyar sai da ta ci sama da awa 20 saboda jama'ar da suka tare hanya suna watsa masa furanni. Ran 12 ga Mayu a Karachi an kashe sama da mutum 40. A 20 ga Yuli kotun ƙoli ta maida shi kujerarsa.

Musharraf bai haƙura ba, ran 3 ga Nuwamba ya kafa dokar ta-ɓaci ya ce kowane alƙali ya sake rantsuwa a ƙarƙashin dokarsa, alƙalai wajen 60 suka rasa kujerunsu, aka yi wa Chaudhry ɗaurin talala a gida aka kwashe dubban lauyoyi. Amma ƙasa ta riga ta juya masa baya, ya tuɓe kaki a ƙarshen watan, jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓen Fabrairun 2008, ya yi murabus ran 18 ga Agusta. Abin da nake so ki riƙe shi ne gwamnatin farar hula ta Zardari da ta zo ita ma jan ƙafa ta yi wajen maida alƙalan, sai da lauyoyi da 'yan adawa suka sake ɗaukar doguwar tafiya zuwa Islamabad sannan firaminista Gilani ya sanar da maida su ran 16 ga Maris ɗin 2009. Shekara biyu cur suna abu ɗaya.

Shi Chaudhry ba waliyyi ba ne fa, yana cikin alƙalan da suka halatta juyin mulkin Musharraf a 2000, kuma bayan ya dawo da yawa sun zarge shi da wuce gona da iri. Lauyoyin sun san da tarihinsa suka fito, don kujerar suke karewa, kada gobe wani janar ya sake kiran alƙali ofis ya ce sa hannu ka tafi. A Yulin 2009 kotun ƙoli ta ce dokar ta-ɓacin nan haramtacciya ce, a Disambar 2019 wata kotu ta musamman ta yanke wa Musharraf hukuncin kisa kan cin amanar ƙasa yana Dubai, a can ya rasu a Fabrairun 2023. Ki nemi hukuncin 31 ga Yulin 2009 ɗin ki karanta shi gefe da gefe da na Lakanmi kafin ki gama aji uku.

Masu tambaya kan Mali da Burkina Faso na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.