Ga ƙanwata da ta ce ta yi sanyi a cikin Ubangiji

Salama a gare ki ƙanwata, cikin sunan Yesu. Tun jiya da dare na karanta tambayarki, abin ya tsaya mini a rai. Kin ce a da kina tashi da asuba ki yi addu'a har da hawaye, kina fita wa'azi da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, amma tun da kika samu aiki komai ya yi sanyi. Har yanzu ke ake ba jagorar addu'a, mutane na amsa amin, ke kuwa kin san baki ne kawai ke motsi. Kina tambaya ko Allah ya janye abin da ya ba ki ne, kuma yaya mutum zai tsare shi. Ni ma na taɓa shiga wannan hali, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Wanda Ubangiji ya rabu da shi ba ya irin wannan damuwar taki. A Mahukunta 16:20 Samson ya farka ya ce zai fita kamar yadda ya saba, bai ma san Ubangiji ya rabu da shi ba. Kullum Delila muke zagi, amma ɓarnar ta riga ta zuwa. Keɓaɓɓe ne tun yana cikin uwarsa, kuma Littafin Ƙidaya sura 6 ya faɗi ka'idar keɓaɓɓe: ba ruwan inabi, ba aski, ba kusantar gawa. Tun a sura 14 ya ɗebi zuma daga mushen zaki, ya sha, ya kai wa iyayensa, ya ɓoye musu inda ya samo. Ƙarfinsa bai tafi ranar ba, shekara 20 ya yi yana hukunta Isra'ila. Abin da ke ruɗin mu ke nan, baiwa tana aiki, ana cewa Allah na amfani da ke, sai ki ɗauka komai lafiya.

Ni ba aiki ne ya kayar da ni ba, mutum ce. Lokacin ina cikin masu ba da waƙa a Zumuntar Mata a nan Sabon Gari. Maigidana ya rasa aikinsa, ya faɗa shan giya, gida ya rikice. Mutum ɗaya tak na gaya wa, abokiyar addu'ata, wadda muke azumi tare, 'ya'yanta na kwana a ɗakina. Ranar zumunta muna zaune cikin ankonmu, tulun kiɗana na kan cinyata, mun gama waƙa ke nan, sai ta miƙe ta ce tana da roƙon addu'a domin wata 'yar'uwa. Ba ta kira suna ba. Amma ta faɗi unguwar, ta faɗi aikin da mijin yake yi a da, ta faɗi yawan 'ya'yan, har da daren da aka ɗauko shi daga bakin hanya. Wa ya rage bai gane ba? Kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce a rufe ido a yi addu'a, ni kuwa idona a buɗe, ina kallon bakinta yana kiran sunan Yesu a kan sirrina. Kafin Lahadi wata mai kayan miya a kasuwa, wadda ba ma ikilisiyarmu ɗaya ba, ta riƙe hannuna tana ce mini sannu, yaya maigida. Da maganar ta koma kunnensa ya ce ni na tona masa asiri, ya daina taka ƙofar sujada. Na sami abokiyar addu'ar tawa a gida, ta ce ai don alheri ta yi. Har yau ba ta ce in yi haƙuri ba. Har yau a sahun gaba take zama.

Ban bar waƙa ba, ban fasa zuwa sujada ba. Amma duk sa'ad da na durƙusa fuskarta nake gani. In ana Addu'ar Ubangiji aka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in ja bakina in yi shiru. Ibraniyawa 12:15 ta yi gargaɗi a kan tushen ɗaci da ke tsirowa ya ƙazantar da mutane da yawa. Nawa ya tsiro, ya shanye mini addu'a ƙaf. Don haka ki bincika, ko akwai wanda kike riƙe da shi a zuci, ko a wurin aikin ne. Kuma don Allah ki san wanda za ki buɗe wa cikinki. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Wata tsohuwa a Wusasa ta Zariya ce Allah ya yi amfani da ita. Ba ta yi mini wa'azi ba, ta miƙo mini Littafinta da bangonsa ya ɓare, ta ce in karanta Zabura 55 da ƙarfi. Da na kai aya 12 zuwa 14, inda Dawuda ke cewa ba maƙiyi ne ya ci mutuncinsa ba, amininsa ne da suke zuwa Haikali tare, kuka ya ƙwace mini. Daga nan bakina ya buɗe. In kin samu sarari ki je Wusasa, ki shiga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa na 1929, ki zauna. Iyayenmu sun sha wuya a kan bangaskiyar nan. Su Likita Miller, ɗan mishan, sun yi shekaru suna aikin fassara kafin Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, mu kuma yau yana cikin wayarmu, muna buɗe aya ɗaya saƙon WhatsApp ya shigo, shi ke nan an tafi. Ki nemi na takarda, wayar ta kwana a falo.

Wataƙila ma gajiya ce ke damun ki. Iliya bayan Dutsen Karmel ya roƙi mutuwa, mala'ika bai tsauta masa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya koma barci (1 Sarakuna 19). In asuba ta gagara, ki sa wani lokaci, ko kaɗan ne, ki riƙe shi. Ki gaya wa matar fasto a ɗan hutar da ke daga jagora, ba abin kunya ba ne. Kada kuma ki yarda kowa ya sayar miki da mai ko ruwa wai zai dawo miki da shafewar Ruhu, ni an kai ni irin wurin nan a ruɗe, kuɗin cefane kawai suka cinye.

Gashin Samson ya sake tsirowa a kurkukun Gaza, sunansa ma yana cikin Ibraniyawa 11:32, amma idanunsa ba su dawo ba. Maigidana ya bar giya, mun gode wa Allah, sai dai har yanzu Kirsimeti da Ista kaɗai yake shiga sujada. Ki sa shi a addu'a, ni ma zan sa ki. Ki turo mini saƙo ni kaɗai, ki gaya mini ƙarfe nawa kike tashi daga aiki, mu ga lokacin da za mu riƙa karanta Zabura tare.