Ka sa wcscoll amma jerin bai gyaru ba? Duba setlocale

Ƙanena, na ga tambayarka, ka ce a shirin da ka rubuta da yaren C ka cire wcscmp ka sa wcscoll, masu kwatanta rubutu biyu domin jerawa, amma har yanzu sunayen da suka fara da ƙ da ɗ suna faɗowa can ƙasa bayan z. To ba wcscoll ɗin ne ya lalace ba, kai ne ba ka gaya masa ƙa'idar wane harshe zai bi ba.

Shi wcscmp ba ruwansa da harshe, lambar harafi kawai yake kallo. Z babba 90 ce, a ƙarama 97, shi ya sa zai kawo maka Z kafin a, ita kuwa ƙ lambarta 409 a Unicode, kaga dole ta koma bayan z mai 122. Shi kuma wcscoll yana bin saitin LC_COLLATE ne, wato saitin ƙa'idar jerin haruffa, amma duk shirin C idan ya tashi a saitin "C" yake farawa, kuma a wannan saitin lambobi yake bi shi ma, kamar ba ka canza komai ba. Sa setlocale(LC_ALL, "") a farkon main, inda shirin ke farawa, domin ya ɗauki saitin na'urar mai amfani, kuma dan Allah ka duba abin da ya dawo, in NULL ne to babu wannan saitin a kwamfutar, zai ci gaba da tsohon yayi shiru ba zai ce maka uffan ba, nan yawancin yara ke ɓata yini guda.

Kar ka ɗauka akwai jeri ɗaya daidai. Bajamushe yana ajiye ä kusa da a, mutumin Suwidin kuma sai bayan z, kowa da gaskiyarsa.

Sakamakon wcscoll kuma kar ka gwada shi da daidai da 1, ƙasa da sifili ko sifili ko sama da sifili kawai aka yi maka alkawari.

In sunayen suna da yawa sosai, wcscoll na da nauyi domin kowane kwatance sai ya sake lissafi, gara ka bi kowane suna da wcsxfrm, mai juya shi bisa ƙa'idar jerin, sau ɗaya ka ajiye abin da ya fito, sannan ka jera da wcscmp, sakamako ɗaya ne. Amma fa kar ka adana abin da wcsxfrm ya fitar a faifai kana cewa an gama. A 2018 da glibc 2.28, laburaren C na Linux, ya fito an sauya ƙa'idar jerin, masu manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL da yawa sai da suka sake gina fihirisarsu. Je ka gwada setlocale ɗin tukuna ka turo min abin da ya fito.