Hukuncin zuwa kufan Rumawa na Walili ga mai ziyarar Fas

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, zan je ziyara Fas a ƙasar Maroko, kuma cikin tsarin tafiyar an ware yini guda da mai jagora zai kai mu Miknas, da garin Maulaya Idris, da kufan Rumawa da ake kira Walili. Wani abokina ya ce haramun ne shiga kufan kafirai, don Annabi (SAW) ya hana. Shin in je ko in zauna a masauki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka je, ya halatta, sai dai akwai abubuwan da za ka kiyaye.

Abokinka bai ƙirƙiri magana ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa da Manzon Allah (SAW) ya biyo ta Hijr, garin Samudawa, ya ce kada a shiga wurin waɗannan da aka yi wa azaba sai ana kuka, don gudun abin da ya same su ya sami mai shiga. Wannan ya faru a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira. Amma dubi dalilin hanin: azaba ce ta sauka a wurin, kuma Alƙur'ani ya faɗe ta da bakinsa. Babu wani nassi da ya ce an halaka mutanen Walili da azaba. Gari ne da mulkin Rum ya janye daga gare shi, jama'a suka ci gaba da zama a cikinsa ɗaruruwan shekaru. Hukuncin Hijr ba ya hawa kan kowane kango don kawai waɗanda suka gina shi ba Musulmi ba ne.

Asalin hukunci kuwa yana cikin Suratur Rum, aya ta 9, inda Allah yake tambaya ko ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba su ga yadda ƙarshen na gabansu ya kasance, mutanen da suka fi su ƙarfi, suka nome ƙasa, suka raya ta fiye da yadda su suka raya ta. A Walili za ka ga wannan ayar da idonka: duwatsun matse man zaitun suna nan a kwance cikin gidajen da babu rufi, ga babbar ƙofar dutse da aka gina a shekarar 217 Miladiyya don girmama sarkinsu Karakalla tana tsaye, babu mai gadi babu fadawa. Malaman tarihi sun kawo cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya ci Mada'in, babban birnin Farisa, ya shiga fadar sarkinsu Kisra yana karanta ayoyin Suratud Dukhan kan gonaki da maremarin da mutanen Fir'auna suka bari, har ya yi salla a ciki.

Wani abin da nake so ka riƙe, wanda da yawan masu ziyara ba su sani ba: Walili garin Musulunci ne shi ma. A nan Idris ɗan Abdullahi, wato Maulaya Idris, tattaɓa-kunnen Sayyadina Hasan, ya sauka a 788 Miladiyya bayan ya tsira daga yaƙin Fakh kusa da Makka. Ƙabilar Auraba ta yi masa mubaya'a, daular Idrisawa ta kafu daga nan, ɗansa kuma shi ya raya Fas ɗin da za ka. Ka roƙi mai jagora ya ba ku wannan ɓangaren, kada ya tsaya kan labarin allolin Rum kaɗai.

Abin kiyayewa na farko shi ne ido. A daɓen wasu gidajen akwai zane da ƙananan duwatsu masu launi, wasu na surar mutane tsirara. Ka kau da kai, kada ka ɗauki hotonsu, kada kuma ka sayo gunki a matsayin tsaraba. Haikalin bautarsu ka dube shi duban mai ɗaukar izina, babu girmamawa.

A kabarin Maulaya Idris, ziyarar kabari sunna ce, hadisin Muslim ya yi izini da ita. Ka yi masa sallama, ka yi masa addu'a, buƙatarka kuma ka kai ta ga Allah shi kaɗai. Malamai sun yi saɓani kan ƙulla doguwar tafiya takanas don kabari, saboda hadisin da ya ce ba a ƙulla tafiya sai zuwa masallatai uku, amma kai hanya ce ta biyo da kai.

Abin da ya fi damuna da irin wannan fita shi ne salla. Mota na jira, mai jagora na kallon agogo, sai Azahar ta wuce ana yawo. Ku yi magana da shi tun kafin ku bar Fas, ku tsayar da inda za ku yi salla, ko a garin Maulaya Idris ko a Miknas. Ka fita da alwala. In lokaci ya ƙure muku a Walili, ka nemi wuri mai tsarki nesa da zanen surori ka yi sallarka. Ladan da kuke biyan mai jagora ijara ce halattacciya, matuƙar an san kuɗin da aikin tun farko.

Wallahu a'alam.